Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi: Sarki Kuma Mawaƙi

Gabatarwa

A al'adar ƙasar Hausa sarki ba ya yin waƙa, shi ake yi wa. Kowace fada tana da makaɗanta, masu taushi ko kotso, waɗanda aikinsu ne su wasa sarki, su ambaci iyaye da kakanninsa, su kuma yi wa mahassadansa zambo. Haka Ibrahim Narambaɗa ya zauna a fadar Sarkin Gobir na Isa, haka kuma Salihu Jankiɗi ya zauna a fadar Sarkin Musulmi. Shi sarki nasa saurare ne, in abin ya yi masa daɗi ya yi kyautar doki ko riga. To, amma a farkon ƙarni na ashirin an yi wani sarki a Zazzau wanda ya ɗauki alƙalami da hannunsa, ya tsara waƙoƙi cikin ajami a kan abin da idonsa ya gani da abin da ke ci masa rai. Wannan sarki shi ne Malam Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1920.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi rayuwarsa a taƙaice, a ga irin matsin da ya haifar da waƙoƙinsa, sa'an nan a duba yadda aka yi suka iso gare mu. Domin wannan batu na ƙarshe ya fito sosai, za mu leƙa wata ƙasa mai nisa, watau Japan, inda fada da kanta take tattara waƙoƙi, inda kuma aka taɓa yin wani sarki mawaƙi wanda ƙarshensa ya yi kama da na Aliyu.

Asalinsa da Gidansu

Aliyu jikan Malam Musa Bamalli ne, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya ci Zariya, Sarkin Haɓe Makau ya fice ya yi kudu. Malam Musa ya rasu a 1821, amma sarautar ba ta zauna a gidansa kaɗai ba. Bayansa Yamusa ya hau, daga gare shi gidan Barebari ya samo asali, sa'an nan Abdulkarim ya kafa gidan Katsinawa, daga baya Abdussalami ya kawo na Sulluɓawa. Gidan Malam Musa shi ake kira gidan Mallawa. Ta haka Zazzau ta zama ƙasa mai gidajen sarauta huɗu, Sakkwato kuwa ita ke da ta cewa wajen naɗi da tuɓewa, ta hannun Waziri.

Wannan tsari yana da nasa zafi. Duk lokacin da sarauta ta koma wani gida, sabon sarki yakan sauke 'yan wancan gida daga manyan sarautu ya naɗa nasa, wani lokaci har dukiya da gonaki a karɓe. Saboda haka ɗan sarki a Zazzau yakan tashi da sanin cewa wanda ke gaishe shi yau da rawani, gobe yana iya zama mai neman bayansa. Aliyu bai koyi wannan darasi a bakin kowa ba, a gidansu ya gani. Mahaifinsa, Sidi Abdulƙadir ɗan Malam Musa, ya hau gadon sarauta a tsakiyar ƙarni na goma sha tara, amma bai cika shekara ba Sakkwato ta tuɓe shi saboda saɓanin da ya shiga tsakaninsa da Waziri. Sunan nan Ɗan Sidi da ya bi Aliyu har kabari, sunan tuɓaɓɓen sarki ne.

Gidan Mallawa gidan malanta ne tun daga kakansu, Zariya kuma gari ne da almajirai ke nufa daga nesa domin nahawu da lugga. A nan Aliyu ya yi karatu, ya kuma riƙi ɗariƙar Tijjaniyya. Ya tarar da al'adar da masu jihadi suka bari ta rubuta waƙa cikin Hausa da Fillanci domin wa'azi da karantarwa, wadda Shehu da ƙanensa Abdullahi da 'ya'yansa Nana Asma'u da Isa suka yi fice a kanta. Ke nan mai mulki ya rubuta waƙa ba sabon abu ba ne a daular. Abin da Aliyu ya ƙara shi ne shigar da al'amuran yau da kullum na fada da na zamani cikin wannan tsohon zubi.

Hawansa Gadon Sarauta

A ƙarshen ƙarni na goma sha tara Zazzau tana cikin wahala. Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim Nagwamatse, ya addabi ƙasar da hari, har Sarkin Zazzau Kwasau, na gidan Barebari, ya nemi taimakon Turawa. Sun zo, amma ba su koma ba. A 1902 suka kafa sansani a Zariya, kafin shekarar ta ƙare kuma suka kama Kwasau bisa zargin yana haɗa baki da Kano, daga bisani aka kai shi Lakwaja. Daga Zariya rundunarsu ta tashi ta ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, a watan Maris kuma Sakkwato ta faɗi. A cikin wannan shekara Gwamna Lugga ya naɗa Aliyu Sarkin Zazzau, yana dattijo.

Ya kamata mai karatu ya tsaya a nan ya dubi matsayin mutumin. Sarautar da ta kuɓuce wa mahaifinsa ta dawo gida, amma ta hannun Nasara ta dawo. Kakansa tuta ya karɓo daga Shehu, shi kuwa takardar naɗi ya karɓa daga Gwamna, da sharaɗin biyayya ga Razdan. A shekarun da suka biyo baya kuma ikon sarki ya yi ta raguwa a gaban idonsa. An hana kama bayi da sayar da su, an kuma ce duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne. An fitar da hakimai daga birni aka ce kowa ya zauna a gundumarsa. An kafa baitulmali, haraji ya daina shiga taskar sarki kai tsaye, shi kansa aka yanka masa albashi. Bugu da ƙari, a 1905 Likita Mila na mishan ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da wurin ba da magani, ya kuma zama mai kai ƙarar sarki wurin hukuma a kai a kai.

Sarki ne, to, wanda ke da Razdan a samansa, da gidajen sarauta uku a gefensa kowanne yana jiran ya yi tuntuɓe, da tafintoci da 'yan rahoto masu kai magana bariki. Mai irin wannan zama ba ya faɗin abin da ke ransa a fili. A ganina wannan shi ne mabuɗin fahimtar salonsa.

Waƙoƙinsa

Waƙoƙin Aliyu sun haɗa da na addini da na al'amuran duniya. A nan za mu taɓo guda huɗu daga cikin waɗanda suka fi shahara.

Ta farko ita ce Mu Sha Falala, wadda manazarta suka fi sani saboda yawan karin magana da habaicin da ke cikinta. Ba ya kama suna. Yakan jero karin magana ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana da ma'anarsa ta fili wadda ba wanda zai yi ƙara a kanta, amma mutumin fada da ya san abin da ya faru jiya ya san inda aka dosa. Alfanun habaici ga mai mulki a irin halinsa a bayyane yake. Wanda aka yi dominsa ya ji a jikinsa, amma ba shi da shaidar da zai kai gaban Razdan, domin kuwa in ya kai, ya amsa da bakinsa cewa da shi ake. Tafinta kuma in ya juya baitin zuwa Turanci, sai Bature ya ji maganar dabbobi da itatuwa da kayan gida kurum. A nan Aliyu ya ɗauko makamin makaɗan fada, watau zambo da habaici, ya sa shi cikin rigar malamai ta baiti da ɗango da amsa-amo. Aikin da Narambaɗa zai yi wa ubangidansa, shi da kansa ya yi wa kansa.

Ta biyu, Tabarƙoƙo, ta yi suna wajen zurfin Hausa. Ɗalibi yakan karanta baiti ya san kowace kalma da ke ciki, amma ya kasa cewa ga abin da ake nufi, sai ya koma wurin dattawa. Wannan ba gazawar mawaƙin ba ce, da gangan ya rufe tukunyar.

Ta uku ita ce Waƙar Diga. Kalmar diga aro ce daga Turanci, sunan ƙarfen haƙa ne, daga nan ta zama sunan aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Hanyar da aka faro daga Baro a bakin Kwara ta ratsa ƙasar Zazzau ta isa Kano a 1911, sa'an nan aka ja wani reshe daga Zariya zuwa wuraren haƙar kuza na Jos. Dubban talakawa aka ɗebo daga gonakinsu domin wannan aiki, kuma ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebo su. Ke nan wanda ya yi waƙar yana cikin masu ba da umurnin a fito. Ba daga nesa ya hangi abin ba, kuma ba da hannu mai tsabta ya rubuta ba. Muhimmancin waƙar ga tarihin adabi shi ne tana cikin rubutattun waƙoƙin Hausa na farko da suka ɗauki wani baƙon abu na zamani suka mai da shi jigo, tun shekaru da dama kafin su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja su buɗe wannan fage sosai.

Ta huɗu ita ce waƙar da ya yi a kan zuwansa birnin Kano. Mu mazauna Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, da muke kwana muna tashi a bakin hanyar Zariya, mun saba ganin mutum ya yi sallar asuba a Zariya ya karya kumallo a Kano, har mukan manta cewa a da tafiyar kwanaki ce, kuma fitar sarki daga ƙasarsa zuwa ta wani babban al'amari ne. Dalilin tafiyar shi ne hawan daba da aka yi a Kano ranar 1 ga Janairu 1913, zamanin Sarkin Kano Abbas, bayan Lugga ya dawo Nijeriya domin shirin haɗe Kudu da Arewa. Turawa sun shirya taron ne domin a ga sarakuna sun yi jerin gwano sun kai gaisuwa ga Gwamna. Amma hankalin Aliyu a cikin waƙar ya fi karkata ga 'yan'uwansa sarakuna da jama'arsu. A takardun hukuma taron shaidar biyayya ne, a waƙar Sarkin Zazzau kuwa haɗuwar sarakunan Musulmi ce waɗanda da yawansu ba su taɓa ganin juna ba. Mai nazarin tarihi da ya karanta rahoton Gwamna bai karanta waƙar ba, rabin labari ya ji.

Tuɓewa da Rasuwa

Habaici yana kare baki, amma ba ya kare gadon sarauta. Ƙararraki sun yi ta taruwa a kan Aliyu, daga mishan da kuma daga cikin gari. An zarge shi da hannu a cinikin bayi bayan an hana, da kuma zaluntar talakawa. Bai kamata ƙaunar waƙoƙinsa ta sa mu share waɗannan zarge-zarge ba, domin fasaha ba ta wanke mai mulki daga hakkin waɗanda ya mulka. Haka kuma bai kamata mu manta ba cewa masu shari'ar su ne suka ci ƙasar da bindiga, kuma akwai gidajen da za su amfana da faɗuwarsa. A 1920 sarautarsa ta ƙare, aka naɗa Dallatu na gidan Barebari, shi kuwa aka kai shi Lakwaja.

Lakwaja a wancan zamani ita ce matattarar tuɓaɓɓun sarakuna. Can aka kai Kwasau wanda Aliyu ya gada, can kuma ya tarar da takwaransa Sarkin Kano Alu, wanda shi ma malami ne marubuci. A wannan gari na mahaɗar Kwara da Binuwai, nesa da ganuwar Zariya, Aliyu ya rasu a 1924, can kuma aka binne shi. Abin da ya sami uba ya sami ɗa. Sarauta ba ta sake komawa gidan Mallawa ba sai a 2020, da aka naɗa Ahmad Nuhu Bamalli, shekara ɗari cif bayan fitar Aliyu.

Wani Sarki Mawaƙi a Japan

Sauran tambaya ita ce, sarkin da aka raba da fadarsa, wa ya adana masa waƙoƙinsa? A nan ne misalin Japan zai taimaka.

A fadar sarakunan Japan ta dā, tsara waƙa wajibi ne ga duk wani bafade, namiji ko mace. Waƙar tasu gajeriya ce ƙwarai, gaɓa 31 ce kacal cikin ɗango biyar, a jere 5, 7, 5, 7, 7, kuma abin mamaki sunanta a harshensu ya yi kusa da namu, waka suke ce mata. Kamar yadda malamanmu suke rubuta manyan littattafai da Larabci su yi waƙar jama'a da ajami, haka su ma harshen Sin ne na hukuma da ilmi, waka kuwa da harshen gida ake yin ta. A shekarar 905 Sarki Daigo ya umarci wasu fadawa huɗu, cikinsu har da Ki no Tsurayuki, su tattara zaɓaɓɓun waƙoƙin da da na lokacin. Suka fito da diwanin da ake kira Kokinshu, mai waƙoƙi fiye da 1,100 cikin babi 20, an jera su bisa jigo, kamar yanayin shekara da soyayya da bankwana da tafiya da makoki. Daga nan abin ya zama al'adar fada, har aka yi irin wannan diwani 21, na ƙarshe a 1439. Mawaƙin da waƙarsa ɗaya ta shiga ciki, sunansa ya tsira.

Daga cikin sarakunan da suka ba da irin wannan umurni akwai Go-Toba, wanda aka haifa a 1180. Shi kansa gwanin waƙa ne. A 1201 ya farfaɗo da ofishin waƙa na fada, ya sa manyan mawaƙa irin su Fujiwara no Teika suka tattara diwani na takwas, Shinkokinshu, mai waƙoƙi kusan 2,000, aka yi bikin kammala shi a 1205. Amma shi ma, kamar Aliyu, sarauta ce a hannunsa ba iko ba, domin ikon yana wurin shugabannin mayaƙa da ke zaune a Kamakura. A 1221 ya yi yunƙurin ƙwato ikon da yaƙi, aka ci shi, aka kai shi tsibirin Oki. Can ya zauna shekara 18 yana ta gyaran diwanin nan, yana cire waƙoƙin da ba su gamshe shi ba, har ya rasu a 1239.

Ga inda darasin yake. Da aka zo tattara diwani na tara, wanda Teika ɗin nan ya kammala a 1235, ba a sa waƙar Go-Toba ko ɗaya ba, saboda tsoron ɓata wa masu iko rai. Diwanin fada yana adanawa, amma mai iko ne ke cewa wa zai shiga.

Yadda Waƙoƙin Aliyu Suka Iso Gare Mu

Fadojin ƙasar Hausa ba su yi al'adar tattara waƙoƙi a diwani da umurnin sarki ba. Waƙa takan rayu ne a warƙoƙin ajami cikin gafakar malami, almajiri ya kwafa daga wurin malaminsa, mai murya ya hardace ya rera a zaure ko a ƙofar masallaci. Hasarar da ke cikin wannan hanya babba ce. Gara da gobara da ruwan sama sun ci takardu masu yawa, mai kwafa yakan tsallake baiti ko ya sauya kalma, dalilin da aka yi habaici kuma yakan tafi kabari tare da dattijon ƙarshe da ya sani. Amma tana da wata fa'ida guda, watau ba wanda ke riƙe da ƙofa. Razdan ya iya raba Aliyu da gadon sarauta da takarda ɗaya, amma ba shi da littafin da zai soke sunansa a ciki, ba shi kuma da ikon shiga zaurukan Zariya ya hana a rera.

Da aka zo tattarawa kuwa, ba fada ce ta yi ba. Hukumar NORLA, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a Zariya domin samar da littattafai, ita ta buga littafin Waƙoƙin Hausa a 1957, aka sa waƙar Aliyu a ciki tare da na su Sa'adu Zungur da Na'ibi Sulaimanu Wali. Tun Turawa ba su bar ƙasar ba, sarkin da suka kora ya dawo garinsu cikin boko, ya shiga hannun 'yan makaranta. Daga baya aikin ya koma wuyan jami'o'i, inda malamai da ɗalibai suka riƙa bin gidaje suna neman warƙoƙi, suna juya su zuwa boko, suna yi musu sharhi.

Kammalawa

Aliyu Ɗan Sidi ya yi sarauta shekara 17 a ƙarƙashin ikon da ba nasa ba, ya rasu a baƙon gari, kuma tarihi bai wanke shi daga dukan abin da aka zarge shi da shi ba. Amma da za a tambayi ɗalibin Hausa ya lissafa sarakunan Zazzau na zamanin Turawa, sunansa ne zai fara zuwa masa, dalili kuwa waƙa. Ta bakinsa muke jin yadda zuwan jirgi da zaman Razdan da taron Kano suka kasance ga wanda ke cikin rawani a lokacin.

Tun da yake ba mu gaji ofishin waƙa irin na fadar Japan ba, sashen Hausa shi ne ofishin, mu ne kuma ma'aikatansa. Nauyin da ke kanmu biyu ne. Na farko, mu yi gaggawar zuwa wurin dattawa da masu gafaka tun suna raye, mu rubuta waƙa tare da dalilin yin ta, domin habaicin da aka manta wanda aka yi wa ya zama karin magana kawai. Na biyu, in mun zo zaɓe kada mu yi irin ta diwani na tara, mu bar mawaƙi a waje saboda gidan da ya fito, ko ɗariƙarsa, ko jam'iyyarsa, ko don masu iko na ranar ba sa son jin sunansa. Allah ya jiƙan magabata, ya gafarta musu kurakuransu, amin.